Yadda ake faɗin abin da ya wuce awo

Kafin ka zaɓi kalma, duba irin ma'aunin da abin ya gagara. In abu ne da ake ƙirgawa ɗaya bayan ɗaya, kamar taurari ko jama'a a fili, sai ka ce "ba sa ƙirguwa" ko "bila adadin", wadda aro ce daga Larabci. Abin da ake aunawa da sikeli ko mudu, shi ne "ba ya aunuwa". Farin ciki da baƙin ciki kuwa ba su da sikeli, don haka "ba ya misaltuwa" ta fi dacewa da su.

Ginin ba wuya: ɗauki aikatau, auna ko ƙirga, ka mayar da shi aunu ko ƙirgu, ka ƙara "wa", sannan ka sa "ba ya", "ba ta" ko "ba sa" a gaba. A nan ake yawan tuntuɓe. "Bai aunu ba" na nufin an gwada wannan karon abin bai yiwu ba. "Ba ya aunuwa" kuwa hali ne na dindindin.

"Mara iyaka" ta fi su duka nauyi, jam'inta "marasa iyaka". A hira ana yi mata rangwame, a ce godiya mara iyaka, ba laifi. A lissafi dai kada ka sassauta. Yashin teku ba ya ƙirguwa, amma yana da iyaka. Lambobi ne marasa iyaka, domin kowace ka ambata ana iya ƙara mata 1. Alamar rashin iyaka, ∞, masanin lissafi ɗan Ingila John Wallis ne ya shigo da ita a 1655.