Yadda Ake Auna Turjiyar Mafitar Sauti (Output Impedance) a Na'urar Kiɗa ta Aljihu

Kayan aiki: mitar lantarki mai karanta AC, filogin 3.5mm da aka fere wayoyinsa, da resista mai ohm 33.

1. Haɗa sautin sine (sauti mai amo ɗaya tak) mai 400Hz a manhajar sauti ta Audacity, ka adana shi a matsayin fayil ɗin WAV, ka zuba a na'urar. Kada ka haura 400Hz, domin mita mai araha ba ta karanta 1kHz daidai.

2. Kashe ikwalaiza da duk wani ƙarin bes. 

3. Soka filogin a na'urar, ka kunna sautin, ƙara tana wajen rabi. Auna ƙarfin lantarki (volt) tsakanin wayar hagu da ta ƙasa (ground). Wannan ne V1.

4. Ba tare da taɓa ƙarar ba, jona resistar tsakanin wayoyin biyu, ka sake aunawa. V2 ke nan.

5. Lissafi: 33 × (V1 ÷ V2 − 1). Misali, 1.00 da 0.90 za su ba ka ohm 3.7.

Sakamakon kada ya wuce kashi ɗaya cikin takwas na turjiyar iyafon ɗinka: mai ohm 32 yana son ƙasa da 4. In ya wuce, bes yakan saki, musamman a ƙananan iyafon masu shiga kunne.

Kula kada wayoyin su haɗu da juna, hakan na iya ƙona amfilifaya.