Yadda za ka tausasa hasken fitilar kyamara

Fitilar LED da ke kan kyamara tana kashe ido, ga sa goshi ƙyalli. Nemi farar jarkar roba wadda haske ke ratsawa, ka wanke ta tas.

Yanko gefenta mai faɗi, ya fi fuskar fitilar girma. Lanƙwasa shi kamar baka, ka liƙa bakinsa biyu a jikin fitilar da salatif. Bar tazarar yatsu uku a tsakani. Wannan tazarar ita ce aikin, domin in robar ta manne da fitila, inuwa ba za ta yi laushi ba.

Kunna, ka gwada a fuskar wani. In hasken ya koma rawaya, canza roba. Ban da ƙwan halojin, zafinsa zai narkar da ita.