Yadda ake mayar da layi cikin sabuwar waya da fahimtar alamomin sabis

Katin SIM, wanda muka fi sani da layi, lambarka yake ɗauka da shaidar da kamfanin sadarwa ke gane ka da ita, amma ba ya ɗaukar hotuna ko bidiyo ko hirarrakin WhatsApp, kuma lambobin mutane da zai iya adanawa galibi ba su wuce 250 ba. Saboda haka aikin farko ana yin sa ne tun layin yana cikin tsohuwar waya. Ka buɗe jerin lambobinka ka duba inda aka adana su, domin idan a ƙwaƙwalwar wayar suke, to can za su zauna bayan ka cire layin. Hanya mafi sauƙi ga mai Android ita ce ya tura su zuwa asusunsa na Google, mai iPhone kuma zuwa iCloud, sannan ya shiga saitunan WhatsApp ya adana hirarrakinsa kafin ya taɓa komai. Ka tabbata ka tuna kalmar sirrin wannan asusu, musamman idan wani ne ya buɗe maka shi a shago ranar da ka sayi wayar, domin a nan ne mutane da yawa suke maƙalewa.

Daga nan sai ka kashe wayoyin biyu. Yawancin wayoyin zamani suna da ɗan faranti a gefe da ƙaramin rami kusa da shi, kuma a cikin kwalin sabuwar waya akwai siririn ƙarfe kamar allura da ake buɗe shi da shi. A nan ake buƙatar lura, domin ramin makirufo yana kama da wannan rami sosai, kuma a wasu wayoyi suna kusa da juna. Na taɓa ganin wani ya dage yana danna tsinke a ramin da ke ƙasan sabuwar wayarsa yana mamakin farantin ya ƙi fitowa, alhali ramin da yake nema yana gefen hagu. Ka duba inda zanen bakin farantin yake, ka sa ƙarfen a miƙe, ka danna a hankali har ya ɗan turo kansa waje. Layin yana da kusurwa ɗaya a gutsure, farantin ma haka, don haka fuska ɗaya kaɗai yake zama daidai, kuma idan ka ga yana tasowa ko farantin ya ƙi komawa cikin sauƙi, kada ka tura da ƙarfi, ka fito da shi ka sake daidaita shi. Ka guji taɓa wurin da yake ruwan zinare da yatsa mai gumi ko mai.

Girman layi iri uku ne a hannun mutane: babba da ke cikin ƙananan wayoyi masu maɓalli, da matsakaici, da kuma ƙarami mai suna nano wanda ya fito a shekarar 2012 tare da iPhone 5, wanda tsawonsa milimita 12.3 ne faɗinsa kuma 8.8. Layukan da ake sayarwa yanzu suna zuwa da girma ukun a jere, sai dai ka ɓalle wanda ya dace. Idan tsohon layi ne na da, masu gyaran waya suna da abin yanke shi, amma a ganina gara ka je ofishin kamfanin da lambarka ta NIN a musanya maka da sabo a kan lambarka ɗin nan. Dalili kuwa shi ne layin da ya tsufa har yana buƙatar yanka, akwai yiwuwar an yi shi tun kafin zuwan 4G, kuma irin wannan ko a wayar da ta fi kowace tsada ka sa shi ba zai wuce 3G ba. Wanda ya sayi iPhone 14 ko na bayanta da aka yi don kasuwar Amurka kuwa ba zai sami faranti ba sam, domin da eSIM kawai suke aiki, wato layi marar kati, wanda kamfanin sadarwa ke ɗorawa ta hanyar lambar QR.

Idan ka kunna wayar ta nemi PIN, wato lambar sirrin layin, dama uku kake da ita, bayan nan sai ta nemi PUK mai lamba 8 da ke rubuce a jikin babban katin da layin ya zo a ciki. Kada ka yi ta cankawa, domin kuskure goma a PUK yana kashe layin gaba ɗaya. Idan kuma abin da ta nema shi ne lambar buɗe hanyar sadarwa, to wayar ce a kulle da wani kamfani na ƙasar waje, abin da ya zama ruwan dare a wayoyin hannu da ake shigowa da su daga Ingila da Amurka, shi ya sa ya kamata mai saye ya gwada layinsa a gaban mai shago kafin ya miƙa kuɗi.

Yanzu sai ka dubi saman fuskar wayar. Sandunan da ke jere kamar tsani suna nuna ƙarfin siginar da ke zuwa daga turken sabis mafi kusa da kai, kuma babu wata ƙa'ida ɗaya da masu ƙera waya suka yarda da ita a kansu, ta yadda waya biyu a kan tabarma ɗaya da layin kamfani ɗaya, wannan za ta nuna sanda uku waccan ta nuna huɗu. Harafin da ke gefen sandunan ya fi su ba da labari. G na nufin GPRS, E kuma EDGE, dukansu na 2G ne, irin sabis ɗin GSM da ya shigo Nijeriya a 2001, kuma da su kira yana tafiya lafiya, saƙon rubutu na WhatsApp yana iya ratsawa, amma hoto sai ka yi ta jira. 3G da H da H+ dangi ɗaya ne, H+ ne mafi sauri a cikinsu kuma yana isa a kalli bidiyo idan babu cunkoso. 4G da LTE abu ɗaya ne da suna biyu, alamar ƙari a gabansu kuma tana nuna wayar ta haɗa hanyar sigina fiye da ɗaya a lokaci guda. 5G ya fara aiki a Nijeriya a 2022 ta hannun MTN, Airtel ya biyo baya a 2023, kuma a wasu unguwannin manyan birane kawai za ka gan shi. Sanda cike da E a gefe ba ta kai sanda biyu da 4G ba wajen intanet, kuma ko da 4G ɗin ne, bayan sallar isha'i idan kowa a unguwa ya hau data a kan turke ɗaya, sandunan suna nan cike amma saurin ya ragu.

Wasu suna tsorata idan suka ga 4G ya koma H ko E da zarar kira ya shigo. Wannan ba lalacewa ba ce, wayar ce take sauka zuwa tsohuwar hanya don ɗaukar murya, sannan ta koma bayan an kashe kiran, sai dai idan alamar VoLTE ta bayyana, wadda ke nufin kiran ma ta 4G yake bi. Harafin R kuwa yana nufin layin ya hau sabis ɗin wani kamfani, galibi na wata ƙasa, kuma mutanen Illela da Jibiya da Maigatari sun san wannan, domin wayar tana iya kamo sabis ɗin Nijar alhali mutum yana cikin gidansa, kuɗin kira da na data kuma su sha bamban. Maganinsa shi ne a shiga saitunan hanyar sadarwa a zaɓi kamfani da hannu maimakon a bar wayar ta zaɓa da kanta.

Idan ka ga alamar X a kan sandunan ko wayar ta ce kiran gaggawa kawai, ka fara da kunna yanayin jirgi na ɗan lokaci ka kashe, idan bai yi ba ka cire layin ka goge shi da busasshen ƙyalle, sannan ka gwada shi a wata waya don ka gane ko laifin layi ne ko na waya. Idan kira yana shiga amma babu wani harafi a gefen sanduna, to ka duba ko data a kunne take, ko a kan layin da ya dace take idan wayar mai layi biyu ce, sannan ka danna *323# ka ga ko akwai saura. Abin da ya rage bayan wannan shi ne saitin APN, wato saitin da ke haɗa layin da intanet, wanda yawanci yakan shigo da kansa ta saƙo mintuna kaɗan bayan sa layin, kuma idan ka share saƙon bisa kuskure, mayar da saitin zuwa na asali a cikin shafin APN yakan dawo da shi.

Kada ka sayar da tsohuwar wayar ko ka ba ƙaninka sai lambar tabbatarwa mai lamba 6 ta WhatsApp ta shigo sabuwar, manhajar bankinka ta buɗe, sannan ka fita daga asusun Google a tsohuwar kafin ka goge ta, domin idan ba ka fita ba, za ta iya neman kalmar sirrinka daga wanda ka ba wa.