Kurakuran da aka fi yi wajen yarda da abin da zuciya ta raya

Ka tura wa yayanka saƙo a WhatsApp kana neman rancen kuɗin makarantar yara. Alamar ta koma shuɗiya, ya buɗe ke nan. La'asar ta wuce, magariba ta wuce, shiru. Kafin isha'i ka gama shari'a: tunda ya samu ya fara ɗaga kai, matarsa ce ke zuga shi, dama can bai ɗauke ka a bakin komai ba. Tuwo ya ƙi ciwuwa, ƙaramin yaronka ya zo da littafinsa ka daka masa tsawa, ranar Asabar kuma ka ƙi leƙa sunan da ake yi a gidan yayan.

Abin da ya faru a zahiri guda ne: an buɗe saƙo, ba a amsa ba. Sauran duk kai ka ƙara. Kuskure mafi girma ke nan, kuma daga gare shi sauran suke tsirowa: mutum ya ɗauki abin da zuciyarsa ta raya masa a matsayin labarin da ya tabbata. Albert Ellis, masanin halayyar ɗan Adam a New York, ya gina hanyar jinyarsa a tsakiyar shekarun 1950 a kan cewa tsakanin abin da ya faru da ɓacin ran da ya biyo baya akwai fassarar da mutum ya yi, kuma ita ce ke tuƙa shi. Aaron Beck, likitan ƙwaƙwalwa a Jami'ar Pennsylvania, ya lura a shekarun 1960 cewa masu ciwon damuwa suna da wasu tunane-tunane masu wucewa kamar ƙiftawar ido, irin su "ba ni da amfani" da "kowa ya gaji da ni", waɗanda ba sa ma sanin sun yi su sai an tsayar da su an tambaya. Mu ma mun san maganar tun a makarantar allo, aya ta 12 a Suratul Hujurat ta ce a nisanci yawan zato. Sai dai mun fi tuna ta idan wani ne ya zarge mu.

Gyaran ba ya buƙatar komai sai takarda da biro. Raba shafi biyu. A gefe ɗaya rubuta abin da shaida zai iya rantsuwa a kai, a ɗaya gefen rubuta abin da ka ce shi ne dalili. Za ka ga gefen farko layi ɗaya ne, na biyu ya cika ya tumbatsa. Sannan ka tilasta wa kanka kawo wasu dalilai da su ma za su iya zama gaskiya: yana tuƙi ya buɗe, ɗansa ne ke wasa da wayar, ko kuma shi ma aljihun babu kuma kunyar ce maka babu yake ji. Ba ana so ka yarda da mafi daɗin ji ba ne. Ana so ka gane cewa har yanzu ba ka sani ba, wanda bai sani ba kuwa sai ya ɗaga waya ya ce, "Yaya, ko ka ga saƙona?" Wataƙila zatonka ya tabbata. To ka ga yanzu da hujja kake fushi.

Ƙanin wannan kuskure shi ne auna mutane da hali, mu auna kanmu da uzuri. Idan mai Keke Napep ya sha gabanka, ba shi da tarbiyya. Idan kai ka sha gaban wani, sauri kake yi za ka kai mara lafiya asibiti. Lee Ross, masanin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Stanford, ya yi rubutu a 1977 a kan yadda muke saurin ɗora abin da wani ya yi a kan halinsa, mu manta da yanayin da yake ciki. Maganinta gajere ne: uzurin da za ka ba kanka, ara wa wancan.

Akwai wata shawara da muke yawan ba juna wadda a ganina ta fi cutarwa a kan amfani: "Cire abin a ranka, kada ka ƙara tunawa." Daniel Wegner ya gwada wannan a Amurka a 1987. Ya zaunar da ɗalibai ya ce na minti biyar kada su tuna farar dabbar nan ta ƙasashen ƙanƙara, duk sanda ta faɗo musu su kaɗa ƙararrawa. Suka yi ta kaɗawa. Da aka sake su aka ce yanzu su tuna ta, sai suka fi waɗanda ba a taɓa hana su ba yawan tuna ta. Dalilin a fili yake: kafin ka tabbatar ba ka tuna abu ba, dole ka duba ko yana nan, dubawar kuwa ita ce tunawar. Shi ya sa wanda ya kwanta yana cewa "ba zan tuna bashin nan ba" yake jin kiran assalatu ido biyu. Abin da ya fi aiki shi ne ka bar tunanin ya zo, ka kira shi da sunansa, "ga tunanin bashin nan ya dawo", ka rubuta shi, ka sa masa lokaci gobe da hantsi. In akwai matakin ɗauka, ko da kiran mai bashin ne a nemi a raba biyan kashi-kashi, a ɗauka. In babu, juya shi sau ɗari ba ya rage ko sisi.

Sai yanke hukunci jini na tafasa. Idan rai ya ɓaci zuciya tana ƙara bugu, numfashi ya gajarta, hankali ya tattara a kan abu ɗaya, laifin wancan, duk alherin da ya taɓa yi ya ɓace. A wannan hali ake furta saki, ake ajiye aiki, ake naɗa saƙon murya na minti bakwai a jefa a zauren dangi. Hadisin da ke Bukhari da Muslim ya hana alƙali yin hukunci tsakanin mutum biyu yana cikin fushi, alhali shi ba da shi ake rigimar ba. Ina ga wanda shi ne mai ƙara kuma shi ne alƙalin? A Abu Dawud an ce mai fushi in yana tsaye ya zauna, in bai huce ba ya kwanta. Yunwa da rashin barci su ma suna rina tunani, don haka duk hukuncin da ba a iya janye shi a bar shi ya kwana. Naɗa saƙon in ka ga dama, amma kada ka tura sai ka saurare shi da safe bayan ka karya.

'Yan kasuwa suna da nasu. Mutum ya sari atamfa, yayinta ya wuce, ta yi shekara a kan kanta tana shan ƙura, an taya da ɗan faɗuwa ya ce albarka, wai ya riga ya zuba kuɗi. Daniel Kahneman da Amos Tversky sun nuna a 1979 cewa zafin asara ya fi daɗin ribar da ta yi daidai da ita, bincikensu na baya kuma ya kimanta shi da kusan ninki biyu. Kahneman ya karɓi kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2002. Kuɗin da ya tafi ya tafi ko an sayar ko an riƙe. Tambayar da ta dace ita ce: da tsabar kuɗin ne a hannuna yau, wannan kayan zan saya? In amsar a'a ce, a karya a juya kuɗin.

Wasu kuma jira suke sai zuciya ta yi daɗi kafin su motsa, alhali sau da yawa motsin ne ke jawo daɗin. Ka yi wanka, ka fita, ka buɗe shago ko ba ka so.

Kuskuren da ya fi ba ni tsoro yana ɗaya gefen ne: a ji cewa tunani na juya rai, sai a ɗora wa mai fama laifi, a ce ita ta sa wa kanta, ko rashin tawakkali ne. Abu Zaid al-Balkhi, malamin da ya rasu a 934, ya riga ya bambanta baƙin cikin da aka san sanadinsa, wanda nasiha da gyaran tunani ke yi wa magani, da wanda ke sauka babu dalili, wanda ya ce tushensa a jiki yake kuma yana buƙatar magani. Idan mutum ya kai mako biyu kusan kullum ransa a jagule, abin da yake so a da ya fita daga ransa, barci da cin abinci sun rikice, wannan ya wuce takarda da biro. Haka mai jego da ta kasa jin daɗin komai bayan haihuwa. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Kware da Maiduguri, akwai na Dawanau a Kano, kuma likitan babban asibiti mafi kusa zai iya fara dubawa, har da gwajin jini, domin ƙarancin jini da ciwon maƙoƙo kan zo da irin waɗannan alamu. In kuwa ya fara maganar gara ya mutu, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi a ranar.