Yadda ake auna halin maza da halin mata da ma'aunin Bem

Kusan duk shekara sai wani ɗalibi ya shigo ofishina ya ce, "Malama, so nake in auna wa ya fi halin maza." Abin da nake fara gaya masa shi ne ya daina kallon abin kamar igiya guda, maza a wannan baki, mata a wancan. Haka masana halayyar ɗan Adam Terman da Miles suka auna a 1936: in makinka ya hau nan, dole ya sauka can. Sandra Bem ce ta raba ma'aunin gida biyu a 1974, lokacin tana jami'ar Stanford a Amurka.

Ma'aunin nata kalmomi 60 ne. Guda 20 na halin maza, irin su dogaro da kai da iya shugabanci, 20 na halin mata, irin su tausayi da son yara, sauran 20 ba na kowa ba. Mai amsawa zai ba kansa maki daga 1 zuwa 7 a kowace kalma. Ka cakuɗa su, kada ka rubuta "na maza" a saman takarda. Da zarar saurayi ya gane inda aka dosa, ya daina gaya maka gaskiya.

Lissafin ba wuya. Tara makin kowane gida daban, ka raba da 20. Jera makin duk waɗanda suka amsa, ka ɗauki na tsakiya a kowane gida ya zama iyaka. Wani zai haura iyakar a gida ɗaya, wani a duka biyu, wani ko ɗaya ba zai haura ba.

Fassara kalmomin zuwa Hausa ce ke hana ni barci. Ɗaliban Amurka na wancan zamani ne suka tantance wace kalma ta dace da wa, kuma jin kunya a gidan mata ya faɗa. To mu fa? Magidancin da ba ya iya faɗin sunan ɗansa na fari, ba ya cin abinci gaban surukai, ai cikar mutunci muke ganin ya yi. In ka fassara kai tsaye, sai makinsa na halin mata ya hau ba gaira ba dalili.

Don haka kafin ka raba takarda ko ɗaya, ka bi sawun Bem. Tara maza da mata na garin da za ka yi binciken, ka karanta musu kalmomin ɗaya bayan ɗaya, ka tambaye su a wurin wa aka fi son wannan hali. Kalmar da suka ce ta kowa ce, ka fitar da ita daga lissafi, ka kuma rubuta a rahotonka cewa ka fitar.