Darasi na Tara: Sauke Injin Dizal na A-kori-kura da Sake Haɗa Shi Don Ya Ƙara Ƙarfi

Wannan darasi na masu motar a-kori-kura ne, da direbobi, da masu koyon kanikanci. Ka tanadi littafin rubutu da biro kafin ka ɗauki sifana, domin rabin wannan aiki awo ne da rubuta lambobi.

Inda ƙarfin yake fitowa

Injin dizal ba shi da filogi mai tartsatsi irin na injin fetur. Fistan ne yake matse iska a cikin silinda har zafinta ya wuce digiri 500 a ma'aunin Selshiyos, sai nozul ta feso mai, man ya kama da kansa. Wani injiniya Bajamushe, Rudolf Diesel, shi ya fito da wannan dabara, injinsa ya yi aiki yadda ake so a 1897. Injin fetur yakan matse iska kamar sau 10, na dizal kuwa daga sau 15 har zuwa 22. To, in matsin nan yana zurarewa ta zoben fistan ko ta bawul, duk man da ka ƙara wa inji hayaƙi zai zama, ba ƙarfi ba.

Shi ya sa ba a sauke inji da ka. A fara gwada matsin kowace silinda da ma'auni, a rubuta. A dubi hayaƙi: shuɗi na nuna inji yana cin baƙin mai, baƙi na nuna mai ya fi iska yawa, fari kuma ko dai man da bai ƙone ba ne ko ruwa ne ya shiga silinda. Sannan mai mota ya faɗi abin da yake nema. Injin da za a yi wa jan kaya a kan tudu daban yake da wanda ake so don gudu, kuma kayan da za a saya ba ɗaya ba ne.

Sauke injin

Ajiye motar a daɓe mai ƙarfi wanda bai karkata ba, ka tokare tayoyi. Cire kan batir mai alamar ragi tukuna. Juye baƙin mai da ruwan lagireto cikin mazubi, kada su zuba a ƙasa. Ɗauki hoton injin da wayarka ta kowane ɓangare. Kowace waya da kowane tiyo da ka cire, liƙa masa takarda mai lamba, ka rubuta lambar a littafinka tare da inda ya fito. Notuna kuma kowane rukuni da ledarsa da sunansa. Yau kana ganin za ka tuna, amma bayan mako uku ba za ka tuna ba.

A kula ƙwarai da bututun mai na injinan zamani masu aiki da kwamfuta, irin su 1KD da 2KD na Toyota Hilux. Matsin mai a cikinsu yakan kai bar 1,600 ko fiye (bar ma'aunin matsi ne), ya isa ya huda fatar mutum. Kada ka taɓa laluben yoyo da hannu inji yana aiki. Bayan an kashe shi a jira matsin ya sauka kafin a kwance, kuma duk bakin da aka buɗe a toshe shi nan take, don ƙwayar yashi guda tana iya lalata injekta, wato na'urar da ke fesa mai cikin silinda.

Cire lagireto, fanka, kik da salansa. Tallafe giyabos da jak. In motar mai canza giya da kanta ce, sai ka kwance notunan da suka haɗa tukunyar man giya da farantin bayan inji kafin ka raba su. Ɗaura sarƙa a kunnuwan da kamfani ya yi don ɗaga inji, ba a jikin bututu ba. Injin Cummins mai lita 5.9 da silinda shida, wanda aka riƙa sa wa Dodge Ram daga 1989 zuwa 2007, nauyinsa ya kusa kilo 500, masu silinda huɗu ma sun fi ƙarfin a tare su da hannu. Duba abin da aka rubuta a jikin na'urar ɗagawa, nauyin da take iya ɗauka ya zarce na injin. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin inji yana rataye.

Kwancewa da karanta abin da ƙarfe yake faɗi

Notunan kan silinda ana sassauta su ne inji yana da sanyi, daga gefe zuwa tsakiya, kaɗan-kaɗan, har zagaye biyu ko uku. Wanda ya kwance su lokaci guda yana iya sa kan ya lanƙwashe. Kowane fistan da kwanrod ɗinsa (sandar da ta haɗa shi da karanshaf, ƙarfen da fistan ke juyawa) da murfinsa a jera su bisa lambar silinda, kada a cakuɗa. Murafen karanshaf ma suna da lamba da kibiya mai nuna gaba.

Kada ka yi saurin wanke kayan, dube su tukuna. Metal, wato siririn ƙarfen da karanshaf ke juyawa a cikinsa, in ya cinye har jan ƙarfe ya bayyana, yana gaya maka mai ya yi ƙaranci ko ya yi datti. Fistan da kansa ya narke yakan nuna nozul mai ɗigo ko zafi da ya wuce kima. In ba ka gano abin da ya kashe injin ba, shi zai kashe sabon.

Awo

Nan ne ya kamata a daɗe. Faɗin silindar 2KD milimita 92.00 ne tana sabuwa. Ana auna ta a sama, a tsakiya, a ƙasa, kuma ta fuska biyu, domin silinda ba ta cinyewa daidai: saman ya fi ci. In cin ya wuce iyakar da littafin kamfani ya ba da, sai a kai bulok wurin masu injin gyaran ƙarfe su faɗaɗa ramin, a sa fistan mafi girma, misali da 0.50. Karanshaf kuwa rage shi ake yi, da 0.25 ko 0.50, sai a sa metal mai kauri daidai da abin da aka rage. A lura da ɗigon da ke cikin lambar: 0.50 rabin milimita ne, 0.05 kuwa kashi ɗaya cikin goma na wancan ne.

Tazarar da mai yake bi tsakanin metal da karanshaf ba ta kai kaurin gashin kai ba a yawancin waɗannan injuna. Ido ba ya ganinta, yatsa ba ya jinta. Akwai wani siririn zaren roba da ake ɗorawa a kan karanshaf, a ɗaure murfi, a kwance, a auna yadda ya baje da takardar da ta zo da shi. A yi wa kowane metal haka.

Abu biyu ne aka fi mantawa. Na farko, a injin dizal fistan yakan ɗan leƙo saman bulok, kuma gwargwadon leƙowar nan ake zaɓen kaurin gaskit. Gaskit siriri zai bar fistan ya taɓa bawul, mai kauri da yawa kuma zai rage matsi. Na biyu, tazarar bakin zobe. Injin da za a ƙara wa ƙarfi zai fi zafi, zobe zai fi miƙewa, in bakunansa suka haɗu sai ya kama silinda ko ya fasa fistan. A bi adadin da masu ƙera zoben suka rubuta.

Bayan an goge silinda, a wanke ta da ruwan zafi da sabulu har farin ƙyalle ya fito tas, a busar, a shafa mai. A bi duk hanyoyin mai da buroshi, har da 'yan bututun da ke fesa mai ƙarƙashin fistan don sanyaya shi. A wanke na'urar sanyaya iskar tobo (tobo shi ne na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska), domin man da ya taru a cikinta yana iya sa inji ya yi ta gudu ya ƙi mutuwa ko an cire makulli.

Ƙarin ƙarfi: iska kafin mai

Hanya mafi sauƙi ita ce a buɗe wa inji mai, kuma ita ce ta fi kashe injuna. Mai ba ya ƙonewa sai da iska. Saboda haka a fara da tobo lafiyayye wanda ya dace da girman injin, da na'urar sanyaya iska mai kyau, da salansa da ba ta toshe ba. Babban tobo ba kullum yake da amfani ba: yana jinkirin tashi, mai jan kaya zai sha wahala da shi. Inji irin 5L na Toyota, wanda aka ƙera ba tobo kuma matsinsa ya kai sau 22, ba na ba da shawarar a matsa masa.

In matsi zai ƙaru, kan silinda yana bukatar ɗauri mai ƙarfi. Yawancin notunan kai na zamani miƙewa suke yi in an ɗaure su, ba a maimaita su, sai sababbi ko kusoshi masu ƙarfi na musamman. A sa agogon zafin hayaƙi kafin tobo, direba ya riƙa sassauta ƙafa in ya ga yana dosar digiri 700. Kuloci da burki da lagireto su ma a duba ko za su ɗauki sabon ƙarfin. Matatar hayaƙi kuwa a bar ta a wurinta: cire ta laifi ne a ƙasashe da dama, ciki har da Amurka, kuma mutane ne suke shaƙar hayaƙin.

Haɗawa da tashin farko

Kowane noti a ɗaure shi da sifana mai awo, bisa lambar littafin kamfani. Na kan silinda daga tsakiya zuwa gefe. Duk murfin karanshaf da ka ɗaure, juya karanshaf da hannu; in ya cije, tsaya ka nemi dalili. Daidaita alamomin taimin, wato alamomin da ke sa bawul da fistan su yi aiki a kan lokaci, ka juya inji zagaye biyu da hannu, ka sake duba su.

Kafin tashi, juya inji da kik ba tare da mai yana shiga silinda ba har fitilar baƙin mai ta mutu, sannan a fitar da iska daga layin dizal. Ya tashi, a duba yoyo da zafi. Kada a bar shi yana ta aiki a tsaye na tsawon lokaci, zobe ba ya zama sai da ɗan nauyi. A tuƙa shi ana sauya gudu, a canza mai da filta wajen kilomita 1,000 na farko. Sai bayan nan a fara ƙara masa mai, kaɗan-kaɗan, ido yana kan agogon zafi.

Aikin aji

Silinda mai faɗin milimita 92.00 an faɗaɗa ta da 0.50. Rubuta sabon faɗinta. Wuyan karanshaf mai kauri 59.00 an rage shi da 0.25. Nawa ya saura? Sannan ka zana kan silinda mai notuna goma, ka sa musu lamba bisa yadda za ka ɗaure su.