Yadda ake farautar dodo ku huɗu a Monster Hunter Freedom Unite ba tare da kun kayar da juna ba

Suma uku kacal gem ɗin nan yake ba ƙungiya, ku biyu ne ko ku huɗu. Idan mutum ɗaya ya suma sau biyu, saura ɗaya ya rage wa kowa da kowa, kuma kowace suma tana zaftare kashi ɗaya cikin uku na kuɗin ladan. Na sha zama ina kallon samari huɗu sun shiga zauren farauta, inda ake karɓar farautar ƙungiya a gem ɗin, da ƙarfin gwiwa, suna cewa sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, kafin minti goma maguna sun turo su sansani a amalanke ɗaya bayan ɗaya, farauta ta lalace, kowa yana ɗora wa ɗan'uwansa laifi. Saboda irinsu na rubuta wannan.

Kamfanin Capcom na Japan ne ya yi gem ɗin domin na'urar PSP ta Sony. Ya fara fita a Japan a watan Maris 2008 da sunan Monster Hunter Portable 2nd G, sannan ya iso Amurka da Turai a watan Yuni 2009. Tun asali an gina shi ne domin mutum huɗu su zauna wuri ɗaya, kowa da tasa na'urar a hannu. Na ɗauka ka riga ka zaga ƙauyen Pokke, inda ake fara gem ɗin, ka san yadda ake zare makami da gasa nama, don haka ba zan tsaya a nan ba.

Mataki na farko: ku haɗa na'urorin

A PSP akwai ɗan makunnin waifai a jikinta, kowa ya kunna nasa. Ba a buƙatar intanet ko data, na'urorin da kansu suke ganin juna. A ƙofar zauren farauta ku zaɓi shiga tare da jama'a, ku kuma zaɓi lambar zaure iri ɗaya. Kowa ya riƙe bugu ɗaya na gem ɗin, kada wani ya zo da na Japan wani da na Turai.

Idan ta gwanjo za ka saya, ka duba lambarta. Samfurin E1000 ba shi da waifai kwata-kwata, saboda haka arharsa ba ta da amfani a wannan harkar. Ka buɗe bayanta ka ga batirin, tsofaffin suna kumbura. Idan kana da wuri a katin memori, ka sa gem ɗin ya kwafe bayanansa a ciki, yana cin sama da rabin giga amma yana rage jiran faifai sosai.

Masu bugawa a waya da manhajar PPSSPP, mai kwaikwayon PSP, kuwa, mutum ɗaya ya kunna hosfot, shi zai kunna sabar da ke cikin manhajar, sauran su rubuta adireshin IP ɗinsa. Ku tabbatar manhajar kowa siga ɗaya ce, kuma lambar MAC, wato lambar shaidar na'ura da ke cikin saitin manhajar, ta kowa daban. Wanda ya kwafi saitin abokinsa gaba ɗaya zai yi ta mamakin me ya sa ba sa ganin juna.

Mataki na biyu: jaka kafin ƙofa

Kada kowa ya danna tafiya sai ya leƙa gona ya kwashi zuma, ya kuma ci abinci a kicin ɗin maguna. Ganyen magani da shuɗin naman kaza suna ba ka Potion, ka ƙara masa zuma ya zama Mega Potion. Goma-goma ake iya ɗauka, kuma ni a wurina wanda bai cika duka biyun ba bai shirya ba. Dutsen washi ga duk mai takobi ko guduma, gasasshen nama, da ƙwallon fenti na yi wa dodo alama. Idan dutsen ƙanƙara za a hau, Hot Drink dole ne, in ba haka ba sanyi zai yi ta cinye maka ƙarfin gudu. Hamada da rana da dutse mai aman wuta kuma Cool Drink.

Tarko ɗaya na kowane iri mutum yake iya ɗauka. Amfanin yawanku ke nan: ku huɗu kuna da tarkuna takwas idan kowa ya zo da nasa. Galibi sai a isa daji a tarar kowa ya zata wani ne zai kawo.

Ku sani kuma, dodannin zaure sun fi na ƙauye yawan rai.

Mataki na uku: wa zai tsaya ina

Nan ne gizo ke saƙar. Makamai iri goma sha ɗaya ne a gem ɗin, kuma saran abokinka ba ya rage maka rai, amma yana kayar da kai, yana katse maka hari, wani ma ya cilla ka sama. Sababbin shiga duk sai su ruga kan dodon su taru wuri guda, kamar yaran unguwa sun bi ƙwallo ɗaya. Mai dogon takobi yana shara iska hagu da dama, mai mashi yana ta tuntuɓe bai kai ko suka ɗaya ba, mai guduma ya ɗaga ya watsa mutum biyu. Dodon yana juyowa ya tarar da mutum a kwance bai miƙe ba, shi ke nan suma ta farko.

Ku raba wuri tun kuna zaure, da baki, tunda a ɗaki ɗaya kuke.

Kai na mai guduma ne, ko mai ƙahon farauta. Bugunsu a ka shi ne yake sa dodo ya yi jiri ya zube ƙasa, kuma takobinka ba zai iya wannan ba komai kyansa. Idan akwai mai guduma a cikinku, kada in gan ka a kai.

Jela ta masu yanka ce: babban takobi ko dogon takobi. Yanka ne kaɗai ke cire ta a hannun masu makamin kusa, kuma jelar da ta faɗi ana feɗe ta daban, ƙarin kaya ne ga kowa. Da zarar ta fita, dodo irin Rathian ko Tigrex ya rasa tsawon da yake share mutane da shi.

Mai mashi da mai takubba biyu su shiga ƙafafu da ciki. Sara a ƙafa yana kayar da dodo, sai kowa ya samu dama. Mai baka da mai bindiga su tsaya nesa kaɗan, ta gefe, su tuna sulkensu bai kai na masu takobi kauri ba, wajen rabi ne. Kuma don Allah mai bindiga ya ajiye harsashin Pellet a gida. Yana warwatsuwa ya bugi kowa, babu abin da ke ɓata zumunci irinsa.

Dogon takobi shi ne sababbi suka fi so, don yana da kyau a ido. Ban hana ka ba, amma idan kai ne mai shi, nauyin nisantar mutane a kanka yake. Ka zaɓi gefen da babu kowa kafin ka saki jerin saranka. Mai babban takobi ya daina saran nan na ɗagawa sama idan akwai mutum a kusa. Mai mashi mai bindiga a baki ya duba gabansa kafin ya harba, musamman babbar wutar nan da ake jira ta taru. Ni dai shawarata ga sabon shiga a ƙungiya ita ce gajeren takobi da garkuwa. Ba ya burge kowa, amma shi kaɗai ne ke barin ka sha magani ko ka jefa bam ba tare da ka mayar da makami kube ba, ga kuma garkuwa idan abu ya ƙwace.

Akwai lokacin da dukan abokinka alheri ne. Idan taurari suna yawo a kansa, ko barci ya kwashe shi, ko ƙanƙara ta daskarar da shi, ka kai masa shuri ko ɗan sara, zai farfaɗo nan take.

Mataki na huɗu: mintunan farko a daji

Shuɗin akwatin da ke sansani kayan mutum huɗu ne a ciki. Ka ɗauki taswira ɗaya, kason maganinka ɗaya, ka matsa. Wanda ya riga kowa isa ya kwashe duka, a gaya masa gaskiya tun ranar farko.

Duk wanda ya fara ganin dodo ya jefa masa fenti, sai ya bayyana a taswirar kowa. Fentin yana gushewa bayan wasu mintuna, don haka a sabunta shi kafin dodon ya tashi sama. Minti 50 ake bayarwa a yawancin farauta, kuma abin takaici ne a ƙarar da ashirin wajen neman inda ya sauka.

Sai kamara. PSP ba ta da sandar juyawa ta biyu, kuma gem ɗin ba ya kulle maka ido a kan dodo. Madannin L yana mayar da kamara bayanka. Tsofaffin hannu suna lanƙwasa manuniyar hagu a kan madannan kibiya, babban yatsa yana kan sandar tafiya, suna gudu suna juya kamara lokaci guda. Yatsa zai yi tsami a kwanakin farko, ka daure.

Mataki na biyar: shan magani

Rabin sumar da nake gani a nan take faruwa. Mafaraucinka idan ya sha magani sai ya tsaya cak ya ɗaga hannuwa yana nuna ƙwanji, ba ya motsi har ya gama. Mutum ransa ya yi ƙasa, ya firgita, ya sha a gaban dodo, dodo ya bi ta kansa.

Ka mayar da makami kube tukuna. Ka jira dodon ya nufi wani, ko ya fara harin da zai ɗauke shi lokaci. Mafi sauƙi ma, ka fice zuwa yankin da ke kusa, ka sha, ka wasa makaminka idan kaifin ya sauka daga kore zuwa rawaya, ka dawo. Babu kunya a ciki, abokanka uku suna riƙe da shi. Idan yana bin ka a guje kuma makaminka na kube, ka yi tsallen nan na faɗawa ƙasa da ciki, muddin kana cikin tsallen babu abin da zai taɓa ka.

Idan an riga an suma sau biyu, dokar gidanmu ita ce wanda ransa ya sauka ƙasa da rabi ya fita daga yankin, babu gardama. Wanda ya samu garin Lifepowder ya riƙe shi don irin wannan lokacin, yana warkar da duk wanda ke yanki ɗaya da kai.

Mataki na shida: da wane dodo za a fara

Yian Kut-Ku. Ku maimaita shi har sai kun kashe shi babu suma ko ɗaya. Manyan kunnuwansa ba sa jure ƙara, bam ɗin ƙara yana sa shi ya sandare na ɗan lokaci, sai dai yana farfaɗowa a fusace. Idan ya kusa mutuwa za ka ga ya kwantar da kunnuwan baya.

Khezu ba shi da ido, kada ka ɓata bam ɗin walƙiya a kansa, kuma tarkon lantarki ba ya kama shi. Ku zo da makamin wuta.

Tigrex ne ke raba ƙungiyoyi. Yana rugowa a guje, ya juyo ya sake, kuma rurinsa kaɗai yana rage rai idan kana dab da shi. Bam ɗin walƙiya yana aiki a kansa sosai, kowa na iya ɗaukar biyar, amma a jefa gaban fuskarsa, kuma ɗaya bayan ɗaya. Mutum biyu su jefa tare asarar guda ce. Ko ya makance yana jujjuyawa yana cizo a inda yake, kada ku yi sakaci. Idan jijiyoyin hannuwansa suka yi ja ya fusata ke nan, ya fi sauri amma sara ya fi shigarsa. Makamin lantarki ya fi dacewa da shi.

Mataki na bakwai: ƙarasawa

Da ya fara ɗingishi zai nufi sheƙarsa ya kwanta. Kada kowa ya taɓa shi. Bugun farko a kan dodo mai barci ninki uku ne, saboda haka ko a jera masa manyan bama-baman ganga a kai, ko mai babban takobi ya tara ƙarfi ya sauke. Bam yana cin ku ma, ku ja baya.

Idan kamawa kuke so, tarko sannan bam ɗin kamu, wato Tranq Bomb, guda biyu, kuma ku daina sara da zarar an ce za a kama. Idan kashewa kuka yi, minti ɗaya ne na fiɗa, yawanci sau uku ga kowa, kada wani ya yi wasan shuri a lokacin. Kayan da lambar darajar da gem ɗin ya ba su ta kai 4 zuwa sama ba a iya miƙa wa aboki, kowa sai ya nemi nasa. Farautar gaggawa ta ƙarin matsayi kuma wanda ya liƙa ta a allo kaɗai ake ƙirga wa, don haka ku huɗu sai kun yi ta sau huɗu, kowa ya liƙa tasa.